Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Gina Shafin Intanet da Hannunsa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin masu rubuta kod don sha'awa, irin mutanen da sai sun tashi daga aiki ko karatu sannan su buɗe kwamfuta su ɗan taɓa wannan su gyara wancan. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu ɗan zurfi.

Me nake buƙata kafin in fara gina shafina?

Kwamfuta, burauza, da manhajar rubutu. Shi ke nan. Tsohuwar kwamfutar da ke iya buɗe Firefox ko Chrome ba tare da ta sandare ba ta isa, domin shafin intanet a asalinsa fayil ne na rubutu zalla. Buɗe manhajar rubutu, ka rubuta layi biyu, ka adana shi da sunan `index.html`, ka danna shi sau biyu. Abin da ya bayyana a burauza shafi ne cikakke, sai dai kai kaɗai ke ganinsa.

Ba ka buƙatar sayen adireshi ko masauki (wurin da ake ɗora shafi don duniya ta gani) a ranar farko. Mutane da yawa suna fara biyan kuɗin waɗannan, sai shekara ta zagayo ba su ɗora ko layi ɗaya ba.

Tsakanin HTML, CSS da JavaScript, da wanne zan fara?

Fara da wanda ya fara zuwa duniya, wato HTML. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro HTML yana aiki a cibiyar bincike ta CERN, shafin farko kuma ya fito fili a 1991. JavaScript ya zo a 1995 daga hannun Brendan Eich na kamfanin Netscape, CSS kuma Håkon Wium Lie ya kawo shawararsa a 1994, aka tabbatar da sigarsa ta farko a 1996. Ka ga ke nan shafuka sun yi shekaru suna aiki da HTML kaɗai.

HTML shi ke cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. CSS shi ke kula da launi, girman haruffa da inda kowane abu zai zauna. JavaScript shi ke sa shafi ya motsa idan an danna wani abu. Mai son shafin da zai riƙa zuba rubuce-rubucensa zai iya yin wata da watanni bai taɓa JavaScript ba, kuma babu abin da zai rasa. Don neman bayani a kan kowace alama, shafin bayanai na MDN Web Docs ya fi yawancin bidiyoyin koyarwa amfani, saboda ana sabunta shi, bidiyo kuwa yadda aka ɗora shi shekara biyar da suka wuce haka yake har yau.

Wace manhaja ta fi kyau wajen rubuta kod?

Visual Studio Code, wadda Microsoft ya fitar a 2015, ita ce mafi yawan mutane ke amfani da ita yanzu, kuma kyauta ce. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, Notepad++ a kan Windows ba ta da nauyi ko kaɗan. Akwai masu Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar tun 1991, kuma idan suka fara yabonta sai ka gaji ka tafi. Tana da kyau, amma ba ita ce ta makon farko ba. Abin da kawai ba a yi shi ne rubuta kod a cikin Word, domin yana cusa wa fayil wasu abubuwa na ɓoye, yana kuma mayar da alamar zance miƙaƙƙiya zuwa lanƙwasasshiya, kod ɗin ya ƙi aiki.

Waya kaɗai gare ni. Zai yiwu?

Zai yiwu, da haƙuri. A Android akwai Termux, wadda ke ba ka tagar umarni (inda ake rubuta wa na'ura umarni maimakon danna-danna) irin ta Linux, har ka girka Python, Git da Node.js a ciki. Idan ka haɗa wa wayar ƙaramin allon madannai na Bluetooth, wahalar ta ragu sosai. Inda za ka takura shi ne wajen binciken kuskure, don burauzar waya ba ta zuwa da kayan duba ciki irin na kwamfuta da aka yi bayani a amsar tambayar da ke kan gyaran da ya ƙi bayyana.

Mene ne localhost, kuma me ya sa wasu abubuwa ba sa aiki idan na danna fayil kai tsaye?

Idan ka danna fayil sau biyu, dubi adireshin da ke saman burauza, za ka ga ya fara da `file://`. Burauza tana karanta shi ne daga ma'ajiyar kwamfutarka, kuma don tsaro tana hana irin wannan shafi ɗauko wasu fayiloli ta hanyar JavaScript. Shi ya sa `fetch` ke ƙin aiki, haka ma kod ɗin da aka raba gida-gida da `type="module"`. Kod ɗinka lafiyarsa ƙalau, hanyar buɗewar ce matsala.

Maganin shi ne ka mayar da kwamfutarka ƙaramar sabar (wato na'urar da ke miƙa wa burauza shafuka) da ke yi wa kanta hidima. In kana da Python, shiga foldar aikin ta tagar umarni ka rubuta `python3 -m http.server`, sannan ka buɗe `localhost:8000` a burauza. Sunan localhost yana nufin wannan kwamfutar da kake kai, lambarta kuma 127.0.0.1 ce a kowace na'ura. Lambar da ke bayan ɗigo biyu ƙofa ce: Python yana ɗaukar 8000. In aka ce maka ƙofar tana hannun wani, to ka bar wata sabar a kunne ne a wata taga. Kashe ta da Ctrl+C, ko ka ba sabuwar wata lamba.

Kada ka tura wa abokinka adireshin localhost ka ce ya duba aikinka. Kwamfutarsa zai buɗe, ba taka ba.

Na gyara CSS, na adana, amma burauza tana ta nuna tsohon. Me ya faru?

Burauza tana ajiye kwafin fayiloli don kada ta sake sauke su kowane lokaci. Danna Ctrl+Shift+R domin ta watsar da kwafin ta ɗauko sabo. In bai canza ba, danna F12. Taga za ta buɗe a gefe ko a ƙasa, kuma wannan taga ita ce babbar abokiyar aikinka. Sashen Console yana nuna kurakurai da jan rubutu, har da sunan fayil da lambar layi. Sashen Network yana jero duk abin da shafin ya nema, wanda ya samu da lamba 200, wanda bai samu ba da 404. In ka danna dama a kan wani rubutu ka zaɓi Inspect, za ka ga duk dokokin CSS da suka hau kansa, waɗanda wata doka ta danne kuma an ja musu layi a tsakiya. Sau da yawa a nan ake gano cewa gyaran ya shiga, wata doka ce da ke ƙasa ta fi shi ƙarfi.

Akwai kuma dalili mai ban haushi: kana gyara kwafi ɗaya, burauza tana buɗe wani kwafin da ke wata folda.

Me ya sa ƙ, ɗ da ɓ suke komawa shirme a shafina?

Ka rubuta "ƙasa", shafi ya nuna "Æ™asa". Ka rubuta "ɗaki", ya fito "É—aki". Abin da ya faru shi ne, a tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane ɗaya daga haruffan nan masu lanƙwasa yana cin bayit biyu. In burauza ba ta san da UTF-8 aka rubuta fayil ɗin ba, sai ta karanta shi da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, ta ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Harafi ɗaya ya zama biyu, duka biyun kuma ba naka ba.

Gyaran layi ɗaya ne. A cikin `<head>`, can sama kafin komai, sa `<meta charset="utf-8">`, ka kuma tabbatar manhajar rubutunka da UTF-8 take adanawa; a VS Code ana ganin haka a ƙasan taga ta hannun dama. Ƙara `lang="ha"` a kan alamar `<html>` don injunan bincike da manhajojin da ke karanta wa makafi su san harshen da ke shafin.

In kuwa abin da kake gani ɗan akwati ne babu komai a ciki, ko harafin ya fito amma siffarsa ta bambanta da ta maƙwabtansa, wannan wata cuta ce dabam. Salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da ƙ, sai burauza ta aro daga wani salon. Kafin ka ƙwallafa rai a kan wani salo don kyansa, gwada shi da Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ Ƴ ƴ, manya da ƙanana, da kauri da karkace. Noto Sans na Google yana da su, haka Charis da Andika na ƙungiyar SIL. Sunayen fayiloli da adireshin shafuka kuwa, ni dai shawarata a bar su da haruffa marasa lanƙwasa, don in an kwafi adireshin ƙ takan rikiɗe ta zama `%C6%99`, ya yi tsawo ya yi muni.

WordPress zan ɗauka, ko Hugo da Jekyll da nake jin ana ambata?

Hanyoyi biyu ne mabambanta. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, yana aiki da PHP da rumbun bayanai na MySQL. Duk lokacin da baƙo ya zo, sabar tana haɗa masa shafin nan take. Amfaninsa shi ne kana rubutu a cikin burauza kamar mai aika saƙo, kuma kusan duk abin da ka so akwai ƙarin da wani ya riga ya rubuta. Kuɗinsa shi ne kulawa: dole ka riƙa sabunta shi da duk ƙarin da ka girka, domin ta tsofaffin ƙari ake yawan kutsawa, kuma dole ka riƙa kwafe rumbun bayanan.

Jekyll, na Tom Preston-Werner a 2008, da Hugo, na Steve Francia a 2013, suna haɗa shafukan ne sau ɗaya a kwamfutarka, su ba ka folda cike da HTML zalla, ka ɗora. Babu rumbun bayanai, babu shafin shiga da wani zai yi ta gwada kalmar sirri a kai. Hugo fayil ɗaya ne ka sauke ka fara aiki. Jekyll sai ka girka Ruby, kuma a kan Windows hakan kan ɗan ba da ciwon kai.

Ga mutum ɗaya mai rubutu kuma mai son taɓa kod, na fi karkata ga Hugo ko makamancinsa. Ga ƙungiyar da mutum biyar za su riƙa rubutu, huɗu daga ciki ba su taɓa ganin tagar umarni ba, WordPress ya fi. Abin da na fi gani yana kashe shafuka shi ne ƙaura: mutum ya bar wannan ya koma wancan, ya kwana uku yana gyara launi, bayan wata shida ya sake tashi, rubutun da ke shafin kuma har yanzu guda biyu ne, ɗaya ma sanarwar sabon gida ce.

Mene ne Markdown?

Hanya ce ta rubutu da John Gruber ya fitar a 2004, da gudummawar Aaron Swartz. Alamar `#` a farkon layi kanu ne, taurari biyu a kowane gefen kalma suna kaurara ta. Hugo da Jekyll suna mayar da shi HTML da kansu. Babban alherinsa shi ne fayil ɗin rubutu ne da kowace manhaja za ta buɗe, ko bayan shekara ashirin, ko kayan da ka gina shafin da su sun daina aiki.

Ni kaɗai nake aikina. Ina ruwana da Git?

Git manhaja ce mai ajiye tarihin canje-canjen fayilolinka. Dubi foldarka. In akwai `shafi-sabo`, `shafi-sabo2` da `shafi-na-karshe-gaske`, to Git kake buƙata. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, amma umarni kaɗan sun ishi mutum ɗaya: `git init` sau ɗaya a farko, sannan `git add` da `git commit` duk lokacin da ka kai wani matsayi mai aiki. In ka ɓata wani abu da tsakar dare, `git diff` zai nuna maka layukan da ka taɓa, `git restore` ya mayar da fayil yadda yake a ajiyar ƙarshe. Wannan ke ba mutum ƙarfin halin gwada abu, tunda ya san akwai hanyar komawa.

Git dabam, GitHub dabam. GitHub kamfani ne da aka buɗe a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018, yana ajiye maka kwafi a intanet. GitLab da Codeberg ma suna yin haka. Hattara da abu guda: kalmar sirri ko mabuɗin wata hidima kada ya shiga ma'ajiyar da kowa ke gani. Sa irin waɗannan a fayil na dabam, ka rubuta sunansa a cikin `.gitignore`. In ya riga ya shiga, goge shi daga fayil bai wadatar ba, don Git ba ya mantuwa, yana nan a tarihi, kuma akwai manhajojin da aikinsu ke nan dare da rana, neman mabuɗan da aka yar. Soke mabuɗin ka karɓi sabo.

Ina zan ɗora shafin don mutane su gani, kuma sai na sayi adireshi?

In shafinka HTML zalla ne, ko Hugo ya haɗa shi, GitHub Pages, Netlify da Cloudflare Pages duk suna da tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin shafi. Kana tura gyara ta Git, bayan ɗan lokaci ya bayyana. WordPress kuwa sai masaukin da ke da PHP da rumbun bayanai.

Adireshin kanka ba dole ba ne, amma shi ne abu ɗaya da ya cancanci kuɗi in ka tabbatar za ka daɗe. Da shi za ka iya sauya masauki sau goma, masu karatu ba su ma sani ba. Haya ce ta shekara-shekara, ba saye na har abada ba, don haka duba kuɗin sabuntawa kafin ka biya, domin sau da yawa na shekarar farko ne kawai mai rahusa. Bayan ka karɓa za ka shiga saitin DNS, tsarin da ke haɗa suna da sabar: rikodin A yana nuna lambar sabar, CNAME yana nuna wani suna. In ka canza bai kama nan take ba, jira. Sabobin duniya suna riƙe tsohon bayani har wa'adin da aka sa masa ya cika.

A kwamfutata komai daidai, amma da na ɗora hotuna sun ɓace. Me ya sa?

Kusan kullum ɗayan biyu ne. Na farko, Windows ba ya bambanta `Hoto.JPG` da `hoto.jpg`, amma yawancin sabobi Linux ne, kuma a wurinsa fayiloli biyu ne dabam. Na biyu, ka rubuta hanyar hoton tun daga `C:\Users`, wadda babu ita a ko'ina sai a kwamfutarka. Sa duk sunayen fayiloli da ƙananan haruffa, babu tazara, ka kuma rubuta hanya daga inda shafin yake. Sashen Network da aka ambata a sama zai nuna maka ainihin adireshin da burauza ta nema ta rasa.

Burauza tana cewa shafina ba shi da tsaro. Yaya zan yi?

Tun 2018 Chrome yake yi wa duk shafin da ba HTTPS ba (wato adireshinsa bai fara da `https://` ba) wannan tambari. Masaukan kyauta da aka lissafa a sama suna ba da takardar shaidar tsaro da kansu. In sabar taka ce, Let's Encrypt yana bayarwa kyauta, manhajar Certbot kuma tana karɓowa ta girka. Takardar ba ta daɗewa, kwana 90 aka saba, saboda haka tabbatar sabuntawar tana tafiya da kanta. In ka sa HTTPS amma gargaɗin bai tafi ba, nemi hoto ko fayil ɗin da har yanzu adireshinsa ke farawa da `http://`.

Zan iya mayar da tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi sabar a ɗakina?

Za ka iya, kuma babu abin da ke koya wa mutum Linux kamar wannan. Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ta fito a 2012, ba ya cin wuta sosai, manhajojin sabar irin su nginx ko Caddy kuma suna tafiya a kansa lafiya. Cikas ɗin yana wajen layin intanet. Kamfanoni da yawa, musamman na layin waya, suna haɗa ɗimbin masu amfani a bayan lamba ɗaya, don haka ko ka buɗe ƙofa ta 80 da 443 a na'urarka, baƙo daga waje ba zai iso ba. Ana zagaye wannan da irin su Cloudflare Tunnel, inda sabar taka ce ke fita ta ƙulla hanya.

In ka buɗe SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ga duniya, duba rajistar sabar washegari, za ka tarar da jerin baƙin lambobi suna ta gwada `root` da `admin`. Rufe shiga da kalmar sirri, ka koma mabuɗi. Ni a ganina, yi wasanka a sabar gida, amma shafin da kake so a riƙa samu kullum bar shi a masaukin da ba ya mutuwa in wuta ta ɗauke.

Kowane darasi yana cewa in girka React da tarin abubuwa ta npm. Dole ne?

Ba dole ba ne. React, da Facebook ya saki a 2013, an yi shi ne don manhajoji masu yawan motsi, kuma mai neman aiki zai amfana da koyonsa. Amma shafin rubuce-rubuce da hotuna ba ya buƙatarsa. Kamar ɗauko tirela ne don kai buhu ɗaya. Kowane abu da ka girka yana jawo nasa, har foldar `node_modules` ta tara dubban fayiloli da ba ka san masu su ba. A 2016 wani ya janye ƙaramin kod mai layi 11 da ake kira left-pad daga npm, rumbun da ake sauke kod ɗin JavaScript, sai gine-ginen manyan ayyuka da dama suka tsaya cak. Kada ka sa `node_modules` a Git, `package.json` ya isa a sake sauke komai.

Shafina yana da nauyi a waya. Daga ina zan fara ragewa?

Daga hotuna. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit uku ko fiye, alhali rubutun shafin gaba ɗaya bai fi 'yan kilobayit ba. Rage faɗinsa zuwa abin da allo ke buƙata, ka mayar da shi WebP. Squoosh yana yin wannan a cikin burauza. Sa `loading="lazy"` a hotunan da ke ƙasa don kada a sauke su sai mai karatu ya gangaro. Sannan ka ƙirga salon haruffan da kake ɗaukowa daga waje, ɗaya ko biyu sun isa. A sashen Network akwai wurin da za ka rage gudun intanet da gangan, ka ga yadda mai raunin layi yake ganin shafinka.

Laifi ne in sa ChatGPT ko makamancinsa ya rubuta mini kod?

Ba laifi, in kana karanta abin da ya ba ka. Yana da amfani wajen fassara saƙon kuskure, ko bayyana layin da ya shige maka duhu. Amma yakan kawo umarnin tsohuwar siga, wani lokaci ma ya ƙago sunan abin da babu shi, kuma da gaba gaɗi zai faɗa. Yi `git commit` kafin ka liƙa kod ɗinsa, don `git diff` ya nuna maka duk abin da ya canza. Umarnin da ya fara da `sudo`, ko mai ɗauke da `rm -rf`, kada ka danna Enter sai ka san abin da kowace kalma take yi, domin abin da `rm` ya goge ba ya zuwa kwandon shara.